Ladan Aikin da Ya Zarce Azahar

Yau darasinmu na ƙwadago ne. Ba mai bukatar a gaya masa ko mene ne ƙwadago a ƙasar Rimin Gado. A cikin ajin nan, wanda bai taɓa yi wa wani noma don kuɗi ba, to, ya taɓa ɗaukar wani ya yi masa. Waɗansunmu ma duka biyu mu kan yi a damina ɗaya. Yau mu ne masu gona, jibi mu ne 'yan ƙwadago.

A ce an yi ruwa da dare. Gari ya waye, ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta taso tana neman rufe gero. Mai gona ya ɗauki mutum biyar. Suka duƙa tun da sassafe. Da hantsi aka kawo koko, suka sha, suka koma. Da rana ta take aka kawo fura. Da aka kira azahar sai suka miƙe, kowa ya saɓa fartanyarsa. Amma saura kunya ashirin a gefen gabas.

Mai gona ya ce, "Haba samari, ku daure ku ƙarasa mini ɗan abin nan. Ai bai taka kara ya karya ba."

Babbansu ya ce, "To, Baba, ba komi."

Suka yi salla, suka koma. Ba su ƙare ba sai bayan la'asar. Da aka zo biya, mai gona ya ƙirga kuɗin yini ya ba su, ya sa musu albarka. Babbansu ya tsaya yana juya kuɗin a hannu. Can ya ce, "Baba, na bayan azahar fa?"

Mai gona ya ce, "Wane na bayan azahar kuma, yaro? Ai yini muka yi da ku. Yini kuwa sai rana ta faɗi."

Daga nan sai ka ji murya ta tashi. Wani lokaci maganar ta kan kai gaban mai unguwa. Wani lokaci kuwa ba ta kai ko'ina, sai dai kowa ya tafi da abin a ransa. Baɗi in mai gonan nan ya nemi mutane, sai kowa ya ce yana da uzuri.

Wa ke da gaskiya? Kada mu yi gaggawar yanke hukunci. Mu fara duba yadda muka tarar da abin.

Yadda tsofaffi suka raba yini

Tsofaffinmu ba su da agogo, amma sun raba yini sarai. A zamanin da gandu ke da ƙarfi, uba da 'ya'yansa da ƙannensa su kan fita gonar gandu da sassafe, su yi aiki har wajen azahar. Abin da aka samu a gonar nan na gida ne duka. Daga ciki a ci, daga ciki a biya haraji, daga ciki a yi wa saurayi aure. Amma in azahar ta yi, an sallami kowa. Yamma ta yaro ce. Sai ya tafi gayaunarsa, watau 'yar gonar da uban ya yanka masa, ya noma gyaɗarsa ko wakensa. Abin da ya samu a nan nasa ne, ba mai tambayarsa. A gidaje da yawa har a kan bar masa kwana ɗaya ko biyu a mako.

Ku lura da wannan da kyau. Uba ne fa, da ɗan da ya haifa. Duk da haka al'ada ba ta ba shi yinin ɗan duka ba. To, in uba bai mallaki yammar ɗansa ba, yaya wanda ya ɗauki ɗan wani da kuɗi zai ce tasa ce kyauta?

Gayya daban ce. A gayya ba a ƙirga lokaci, domin taimako ne, gobe kuma a rama maka. Amma yanzu ta yi ƙaranci, kuɗi sun ci wurinta.

Akwai kuma jinga. A jinga ba yini ake saye ba, aiki ake saye. A zaga gona, a duba ciyawa, a yi ciniki, a ce kaza. In mutum ya gama da hantsi, sa'arsa ce. In ya kai almuru, shi ya jiyo. Ba rigimar azahar a nan. Sai dai jinga tana da nata aibin. Mai jinga ya kan yi sauri, ya binne ciyawa maimakon ya kashe ta, bayan kwana uku sai ka ga ta ɗago kai. Shi ya sa masu gona da yawa suka fi son aikin yini a noman fari.

Don me awa biyu take da tsada haka?

Wani zai ce, awa biyu kaɗai, mene ne abin faɗa? Amsar tana cikin ƙarancin ƙasarmu.

A ƙidayar 2006 mutanen Ƙaramar Hukumar Rimin Gado sun haura 100,000. Faɗin ƙasar kuwa murabba'in kilomita 225 ne, watau hekta 22,500. Ku ɗauki alli ku raba. Za ku ga kowane mutum bai sami ko rubu'in hekta ba. Ba a ma cire wurin gidaje da hanyoyi da makarantu da maƙabartu ba. Tun daga 2006 kuwa an haifi mutane da yawa, ƙasa ba ta ƙaru da ko kamu ɗaya ba. Ga birnin Kano kuma yana matsowa ta hanyar Gwarzo, ana yanka gonaki ana mai da su fulotai.

Shi ya sa daga Gulu zuwa Jili, daga Butu-Butu zuwa Yalwan Danziyal, gona tana jikin gona. Ba a barin ƙasa ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. Iyayenmu har birni su kan kora jakuna su ɗebo shara a mangala don gona.

Mai ƙaramar gona hatsinsa ba ya kai shi wata kakar. Rumbu ya kan ƙare tun bazara, ko farkon damina. Lokacin nan kuwa shi ne lokacin noman fari, lokacin da kowace gona take kiran mai ita. Me zai yi? Sai ya fita ƙwadago da safe don ya samo awon yau, da yamma ya je tasa gonar. In aka riƙe shi har la'asar, tasa gonar ta kwana cikin ciyawa. In aka yi masa haka sau biyar ko shida, geronsa ya yi ja ya ƙanƙance. Gero kuwa ba ya jira. Wanda ciyawa ta danne yana ƙarami ba ya komawa daidai, ko an nome shi daga baya. Da kaka sai ya sami dami kaɗan. Baɗi rumbunsa ya riga na bana ƙarewa, ya fita ƙwadago tun da wuri.

Wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967. Daga baya ta yi bincike a Ɗorayi, nan kusa da mu, a 1971 da 1972. Ta ga akwai mutanen da suke da gona amma talauci ya hana su noma ta, domin kullum sai sun nemi abin da za a ci a ranar. Mu ba sai an zo daga Ingila an gaya mana ba, muna ganinsu, wani lokaci ma mu ne su. Amma yana da kyau da aka rubuta.

Ashe awa biyun nan ba daga hutun ɗan ƙwadago aka ɗebe ta ba. Daga rumbunsa aka ɗebe ta.

Abin da doka ta ce

Rigima kan tsawon yinin aiki ba a gonakinmu ta fara ba. A watan Mayu na 1886 ma'aikata a birnin Shikago na Amurka suka yi yajin aiki, suna neman a tsai da aiki awa 8 a yini. An yi tashin hankali, an rasa rayuka. Don tunawa da su ne aka mai da ranar 1 ga Mayu ranar ma'aikata. A 1919 aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Yarjejeniyarta ta farko ta ce a masana'antu awa 8 a yini, awa 48 a mako, abin da ya ƙaru kuwa a biya shi da ƙarin aƙalla rubu'i. A Nijeriya, gwamnatin Kano ta Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta ba da hutun 1 ga Mayu a 1980, kafin Gwamnatin Tarayya ta bi sahu a 1981.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya an yi ta a 1974. Sashe na 13 shi ne ya yi maganar lokaci. Ga abin da ke ciki a taƙaice. Lokacin aiki na kullum shi ne wanda mai aiki da ma'aikaci suka yarda da shi, ko wanda ƙungiyar ma'aikata ta daidaita da masu aiki, ko wanda wata hukumar albashi ta tsayar. Duk abin da aka sa mutum ya yi bayan wannan, aikin ƙarin lokaci ne. Wanda ya yi awa 6 ko fiye a yini, a ba shi hutun da bai gaza awa ɗaya ba. A cikin kowane kwana bakwai kuma a ba shi hutun kwana ɗaya cikakke.

To, ga inda gizo yake saƙa. Dokar ba ta ce awa kaza ne yini ba. Ba ta kuma ce ga abin da za a biya don ƙarin lokaci ba. Ta bar wa mutane su daidaita. Ma'aikacin kamfani a Bompai ko Sharaɗa, in yana da ƙungiya da takardar ɗaukar aiki, yana da abin riƙewa. Ɗan ƙwadagon gona fa? Ba ƙungiya, ba takarda.

Haka kuma dokar mafi ƙarancin albashi. A 1981 naira 125 ne a wata. A 2019 aka mai da shi naira 30,000, a watan Yuli na 2024 kuma naira 70,000. A 2024 ɗin kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya tsayar wa ma'aikatan Jihar Kano naira 71,000. Amma dokar ta ware waɗansu da ba ta shafa ba. A ciki akwai wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin jinga, da masu aikin da ke zuwa da lokacinsa kamar noma. Ku sake karanta wannan. Mu ke nan aka ware.

Saboda haka a gona ba wata doka da za ta tsaya maka in ba maganar da kuka yi tun farko ba. Malamanmu na fiƙihu ma haka suka karantar, cewa ijara, watau ɗaukar mutum aiki da lada, ba ta inganta sai an san aikin ko lokacinsa, an kuma san ladan tun kafin a fara. Mai gona da samarin nan duka sun yi sakaci. Sun ce "yini", ba wanda ya tambayi inda yinin ya tsaya.

Kada ku zaci mu kaɗai aka manta da mu. A Amurka an yi doka a 1938 wadda ta sa a biya ƙarin lokaci da lada ɗaya da rabi, amma aka cire ma'aikatan gona. A 2016 Jihar Kalifoniya ta yi tata dokar, ta shigo da su sannu sannu daga 2019. Me ya faru? Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da aka fitar a 2023 ya nuna masu gona da yawa sun rage wa ma'aikata awoyi don kada su biya ƙarin, har kuɗin mako na waɗansu ya ragu. Jihar Niyok kuwa ta bi wata hanya. Ta fara da awa 60 a mako a 2020, ta shirya ragewa kaɗan kaɗan har ya kai awa 40 a 2032, sa'an nan ta ce za ta mayar wa manomi ƙarin da ya biya ta hanyar haraji. Sun gane cewa in aka ce wa manomi ya biya, sai a tambayi inda zai samo.

Mu yi lissafi

A ce kuɗin yini naira 3,000 ne. Wannan misali ne kawai don lissafi, kowa ya san abin da ake biya a unguwarsu bana. An fara ƙarfe 7 na safe, an tashi ƙarfe 2. Awa 7 ke nan. A cire awa ɗaya ta koko da fura, saura awa 6. A raba 3,000 gida 6, kowace awa ta tashi naira 500.

Samarin nan sun ƙara awa 2. Kowannensu yana bin naira 1,000. Su biyar, naira 5,000. Da da lada ɗaya da rabi za a biya, awar ƙari naira 750 za ta zama, su biyar su bi naira 7,500.

Mu juya lissafin ta wani gefe. Mutum 5, kowa awa 2, awa 10 ke nan. Yinin mutum ɗaya awa 6 ne. Ashe "ɗan abin nan" da mai gona ya ce bai taka kara ya karya ba ya kusa aikin mutum biyu na yini guda. Da ya sallame su da azahar, da sai ya ɗauki mutum biyu washegari ya biya naira 6,000, ban da koko da fura. Biyan naira 5,000 ma sauƙi ne a gare shi.

Amma fa mu yi wa mai gona adalci. Yawancin masu gonan da muke magana ba attajirai ba ne. Mutum ne mai gona uku ko huɗu, 'ya'yansa suna makaranta ko suna birni. Kafin noman fari ya riga ya sayi taki da iri da maganin feshi, ya biya mai garmar shanu. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota da na kaya suka hau. Mutum biyar na kwana huɗu naira 60,000 ne a misalinmu. In kullum sai an zarce, ya zama 80,000. Ina zai samo 20,000 a watan Yuli? Hatsinsa ya sayar tun da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa, mudu yana araha. Yanzu da mudu ya yi tsada ba shi da na sayarwa. Sai ya kama akuya ya kai kasuwa, ko ya ci bashin da zai biya da dami.

Ga ciwon ƙauye ke nan. Kuɗi da kaka su kan zo, bukata kuwa da damina take. Mai gona ba shi da kuɗi ran da ya fi bukatar hannu. Ɗan ƙwadago ba shi da hatsi ran da gonarsa ta fi bukatarsa. Su biyu suna faɗa bakin kunya ashirin, alhali rami ɗaya suke ciki.

Ina kuɗin ƙauye?

Shekaru da yawa kuɗi fita suke yi daga ƙauye, ba shiga ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Dalar gyaɗa da aka yi ta tarawa a Kano, daga gonaki irin namu ta fito. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 ta koma ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar ta kan yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya, ta riƙe rarar. An yi ayyuka da rarar nan, ba mu musa ba, amma a ganinmu abin da ya komo ƙauye bai kai abin da ya fita ba. Ga haraji da jangali kuma, waɗanda Gwamna Rimi ya soke a 1979. Fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, dala ta rushe. A 1986 aka rufe hukumomin cinikin gaba ɗaya.

An kuma yi ƙoƙarin mayar da kuɗi karkara. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun lamunin bashin noma a hannun Babban Banki. In manomi ya kasa biya, asusun ya kan ɗauke wa bankin kashi 75 cikin 100 na abin da ya rage. A 1982 aka kafa Hukumar KNARDA a Kano da rancen Bankin Duniya. Ta baza malaman gona, ta haƙa rijiyoyin burtsatse, ta yi hanyoyin karkara, kamfanin KASCO kuma yana sai da taki. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wani babban shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi. An raba fiye da naira tiriliyan ɗaya. Da yawa ba su biya ba, a ƙarshen 2023 kuma Babban Banki ya daina karɓar sababbin masu nema.

Abu ɗaya ya kamata mu riƙe game da kowane irin tallafi. Ba yawansa kaɗai ake dubawa ba, har da watan da ya iso. Sau nawa muka ga taki mai rahusa ya iso bayan an gama maimai? Rancen da ya zo a watan Agusta ba na noma ba ne, na biki ne. Naira dubu goma a farkon Yuni ta fi dubu talatin bayan gero ya yi kai.

Akwai kuma kuɗin ƙaramar hukuma, waɗanda su ne suka fi kusa da mu. Kowane wata a kan raba kuɗin asusun tarayya a Abuja. Bisa tsarin da aka bi tun 2004, cikin kowace naira 100 ƙananan hukumomi 774 suna da naira 20 da kwabo 60. Jihar Kano tana da 44 a cikinsu, Rimin Gado ɗaya ce. An daɗe kuɗin nan suna bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatocin jihohi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan kowace ƙaramar hukuma kai tsaye. Hukunci daban, aiwatarwa daban, watanni da yawa sun shuɗe bayansa ana ta muhawara kan yadda za a yi. Ko ta wace hanya suka zo dai, kuɗin jama'a ne. Kowace mazaɓa tana da kansila. Wanda ya iya karatu yana iya zuwa da ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, nawa aka ware wa noma a kasafin bana? A wane wata za a fitar?" Sa'an nan ya rubuta amsar, ya ajiye, ya komo da ita bayan kaka. Wannan ba rashin kunya ba ne. Amfanin zuwa aji ke nan.

Abin da ke hannunmu

Kafin na Abuja su iso, akwai abin da za mu iya yi da kanmu.

Adashi mun san shi, mata sun fi mu iya shi. Masu soya ƙuli-ƙuli da masu man gyaɗa da shi suke juya jari. Abin da ya rage shi ne a shirya shi don damina. A yi zubi daga kaka har rani, a tsara kwasa ta faɗo a Yuni da Yuli.

Rumbun tsimi ma ba sabon abu ba ne. In unguwa ta tara dami da kaka, ta rufe, ta buɗe a farkon damina, mai ƙaramar gona zai ari mudu goma ya tsaya a gonarsa kwana uku, ya mayar da kaka. Kwana ukun nan a noman fari su ne bambancin rumbu cike da rumbu rabi.

'Yan'uwanmu na Nijar, a ƙasar Maraɗi da sauran wurare, suna da wata dabara da ta yaɗu tun wajen 1999 da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Manoma su kan haɗa ƙungiya, su zuba hatsinsu a sito ɗaya da kaka. A sa ƙwado biyu a ƙofa, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba kowa rance gwargwadon buhunansa, ya yi kiwo ko sana'ar rani. Kafin damina ya biya, a buɗe sito, ya ɗauki hatsinsa lokacin da ya yi daraja. Dabara ce mai kyau, amma ba kullum take ci ba. In farashi bai hau ba, kamar yadda hatsi ya faɗi a kasuwannin Kano a 2025, mai ajiya ya kan yi hasara. Akwai kuma maganar kuɗin ruwa, wadda sai an zauna da malamai an nemi hanyar da ta halatta.

Na kusa duka shi ne magana kafin a duƙa. Tun da dare, ko da safe a bakin gona, a faɗi abu huɗu a gaban mutum biyu: ƙarfe nawa za a fara, yaushe za a tashi, nawa ne yini, nawa ne awa in an zarce. In ɗan ƙwadago ya ce yau ba zai zarce ba don gonarsa tana jiransa, kada a ga baƙinsa. In mai gona ya ce ba shi da kuɗin ƙari, ya faɗa tun da safe, a daidaita da mudu, ko a ce sai ran kasuwa. Kunya ce take hana mu yin maganar kuɗi da babba. Amma kunyar safe ta fi ta yamma sauƙi.

In aikin na kwanaki ne, a rubuta. Ba sai an nemi akawu ba. Ga yadda za a yi:

"Ni wane ɗan wane na ɗauki su wane, mutum 5, noman fari a gonata ta bakin hanya. Farawa ƙarfe 7, tashi da azahar. Yini naira kaza, da koko da fura. In an zarce, kowace awa naira kaza. Biya kowace yamma. Shaidu, wane da wane."

A sa kwanan wata, kowa ya sa hannu. Wanda bai kai ga rubuta sunansa ba tukuna ya dangwala yatsa.

Aikin aji

Kowa ya kwafi takardar nan a littafinsa, ya sa sunansa da kuɗin da ake biya a unguwarsu bana.

Mutum 4 sun yi aiki kwana 3. Yini naira 3,600 ne, awa 6. Ran farko sun tashi da azahar. Rana ta biyu sun ƙara awa 1, ta uku sun ƙara awa 2. Nawa ne kuɗin awa ɗaya? Nawa kowannensu zai karɓa? Nawa mai gona zai fitar duka?

Kafin aji na gaba, kowa ya tambayi wani tsoho a gidansu yaushe a kan tashi daga gonar gandu a zamaninsu, da kwana nawa a kan bar wa yaro a mako. A rubuto amsar cikin layi uku, a zo da ita.